Me Ya Sa Muke Son Ɓarawon Cikin Littafi?

 

  

Abin da na zo da shi yau tambaya ce. Ga mutum mai tsoron Allah, wanda ko allura ya tsinta sai ya yi cigiya, wanda in aka yi ihun ɓarawo a kasuwa ransa ɓaci yake yi. Amma da dare ya buɗe littafi, ya raba dare zuciyarsa na bugawa, yana fatan wani ɓarawo ya tsira daga hannun dogarai. Me ya faru da shi? Halinsa ne ya sauya, ko kuwa akwai wani abu a cikin labarin da ba satar ba?

Don kada maganar ta tsaya a iska, zan ɗora ta a kan littafi guda: The Lies of Locke Lamora, na Scott Lynch, marubuci ɗan Amurka da aka haifa a 1978 a jihar Minesota. Shi ne littafinsa na farko, ya fito a 2006. Na biyu a jerin ya biyo baya a 2007, na uku a 2013. Labari ne na almara, a wata duniya da marubucin ya ƙaga, kuma taurarinsa gungun 'yan damfara ne. Wanda bai karanta ba ya yi mini afuwa, domin dole in tona wasu abubuwa na cikinsa kafin hujjata ta tsaya.

Na ɗaya: garin da aka yi satar

Labarin yana faruwa ne a Camorr, birni mai tsibirai da magudanan ruwa da gadoji, wanda kowa ke ganin kamanninsa da birnin Fenis na ƙasar Italiya. An gina shi a kan kufan wasu halittu da suka shuɗe tun kafin mutane, suka bar dogayen hasumiyoyi na wani irin gilashi da ba ya fashewa, mai ƙyalli bayan faɗuwar rana. Masu sarauta suna can ƙololuwar hasumiyoyin nan, talakawa suna ƙasa cikin wari da annoba. Nishaɗin gari shi ne a taru a kan ruwa a kalli mata mayaƙa suna fafatawa da manyan kifaye masu cin mutane.

Ba zan daɗe a nan ba. Abin lura kawai shi ne, tun kafin a saci ko kwabo, marubucin ya riga ya nuna mana wa ke sama, wa ke ƙasa, kuma ya auna mana tsawon tazarar da ke tsakaninsu da tsayin gini.

Na biyu: daɗin ganin gwani a bakin aikinsa

A nan nake so in zauna sosai, domin a ganina rabin sirrin yana nan.

Locke, tauraron littafin, maraya ne, annoba ta cinye unguwarsu. Ya faɗa hannun wani tsoho da ke tara marayu a cikin wata tsohuwar maƙabarta yana koya musu yankan aljihu, irin abin da Fagin yake yi a littafin Oliver Twist na Charles Dickens. Amma yaron ya fi ƙarfin tsohon. Wayonsa ya yi yawa, hankalinsa bai kai ba: ya yi wa 'yan sandan gari sata, ya jawo aka ƙone wata mashaya, har wata dabara tasa ta yi sanadin mutuwar yara biyu. Sai tsohon ya sayar da shi ga wani mutum da ake kira Chains, wanda ke zama a ƙofar wani wurin bauta ɗaure da sarƙa, idanunsa a rufe, gari duka ya ɗauka makaho ne, ana zuba masa sadaka. Alhali idonsa garau yake, kuma a ƙarƙashin wurin bautar yana da ɗaki na alfarma inda yake rainon ɓarayi na musamman.

Me yake koya musu? Ku saurara da kyau. Karatu da rubutu. Lissafi. Harsuna, da yadda mutumin kowace ƙasa yake karya harshe. Girki, da ladubban cin abinci a gaban manya. Yadda ake sa tufafin attajiri a kuma yi tafiyar attajiri. Yana tura su su zauna watanni a gona, ko a wuraren bauta daban-daban, su koyo al'adun mutane daga ciki. Shekaru suka yi a kan wannan. Wato kafin mu ga sata ko ɗaya mai girma, sai da muka ga makaranta.

To ga abin da makarantar ta haifar. Locke ya girma, ya sa ido a kan wani basarake mai suna Don Salvara da matarsa Sofia. Ya rikiɗa ya zama Lukas Fehrwight, wai wakilin wani gidan kasuwanci na arewa masu wata giya mai tsadar gaske. Abokansa suka shirya fashin ƙarya a wani lungu, daidai lokacin da basaraken zai wuce, don ya zo ya ceci baƙon. Ku duba hikimar: ba Locke ya je neman basaraken ba, basaraken ne ya zo da ƙafarsa, yana jin shi ne mai alheri. Daga nan aka ba shi labarin cewa yaƙin basasa na shirin ɓarkewa a ƙasar baƙon, ana bukatar kuɗin jiragen ruwa a kwashe hajar kafin wuta ta tashi, kuma duk wanda ya zuba jari zai kwashi riba ba ta wasa ba.

Da a nan aka tsaya, da damfara ce irin wadda aka saba ji. Amma sai Locke ya sake shiga, da dare, da wata fuska, a matsayin jami'in 'yan sandan ciki na mai mulkin birnin. Ya gaya wa basaraken gaskiya tsagwaronta: wannan baƙo naka ɗan damfara ne, sunansa na ƙarya ne, labarinsa na ƙarya ne. Sannan ya umarce shi da ya ci gaba da biyan duk abin da aka nema, wai don hukuma ta samu ta kama ɓarawon dumu-dumu. Jama'a, kun ga inda aka kai? Mutum ya san ana damfararsa, yana miƙa kuɗin da hannunsa, yana kuma jin yana yi wa hukuma hidima. Duk wata shakka da za ta taso masa, an riga an ba ta amsa.

Wane ne zai karanta wannan bai yi murmushi ba? Kuma murmushin na me? Ba don kuɗin Salvara sun tafi ba, mai karatu bai damu da adadinsu ba. Irin jin daɗin nan ne da mutum yake yi in ya tsaya bayan gwanin dara yana kallo, ya ga ya bayar da ɗa ɗaya da gangan, sai can bayan zagaye uku a gane dalili. Lynch ya san haka, shi ya sa ya saƙa littafin da zare biyu: babi na yanzu, sai ɗan tsakure na yarinta. Zai nuna maka darasin da Chains ya koyar shekaru da suka wuce, sai ka ga amfaninsa ya fito a tsakiyar wani tsaka-mai-wuya. Mai karatu ya zama kamar ɗan gida, ya san abin da sauran mutanen labarin ba su sani ba. Wani lokaci kuma a ɓoye masa kati ɗaya, shi ma a yaudare shi, ya kuma gode.

Akwai wani abu da ke tabbatar mini da wannan fahimta. Gungun nan sun tara dukiya mai ɗimbin yawa a ɗakinsu na ƙarƙashin ƙasa, amma ba sa kashe ta. Ba gida, ba doki, ba shagali. Ba su ma san abin da za su yi da ita ba, in ban da sayen kayan shiri na aiki na gaba. Marubucin ya cire kwaɗayi daga zukatansu, ya bar musu son gwaninta. Da ya bar su da kwaɗayi, da mun tsane su tun babi na uku.

Na uku: wa ake yi wa satar?

A Camorr akwai sarkin ɓarayi, Capa Barsavi, wanda tsohon malamin makaranta ne, yana mulkin dukkan gungun gari daga cikin wani tsohon jirgin ruwa. Tsakaninsa da masu mulki akwai wata yarjejeniya ta sirri: ɓarayi ba za su taɓa masu sarauta da 'yan sanda ba, hukuma kuma za ta kau da kai su yi ta cin 'yan kasuwa da talakawa. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. Doka da rashin doka sun zauna sun raba gari, kuma wanda aka yanka a tsakani shi ne mara gata.

Locke da abokansa su kaɗai ne ke karya wannan yarjejeniya. A gaban Barsavi suna nuna su ƙananan ɓarayi ne masu haura katanga, suna kai ɗan kasonsu kowane mako cikin ladabi. A ɓoye kuwa masu sarauta kaɗai suke damfara, su kuma kunya ba ta barin su kai ƙara. Saboda haka suna yaudarar manya biyu a lokaci guda, na fada da na daba.

Ba ina cewa Locke Robin Hood ba ne, ɗan fashin almarar Ingila da ake cewa yana raba wa talakawa. Jita-jitar gari tana cewa haka ɓarawon nan yake yi, amma littafin ya fito fili ya nuna talaka bai ga ko anini ba. Na yaba wa marubucin da bai wanke su ba. Duk da haka, wanda ya taɓa tsayawa a gaban mai iko ya ga ba shi da ta cewa, ya san abin da ke motsawa a ransa in ya ga ɗan siririn mutum, wanda bai iya faɗa ba, ba shi da dangi, ba shi da tsafi, ya shiga fadar da aka hana irinsa shiga ya fito da abin da ya je nema. Makaminsa harshe ne da lura da halin mutane. Wannan makami kuwa shi ne kaɗai wanda ba a gadonsa, ba a kuma sayensa.

Na huɗu: mu ba baƙi ba ne a wannan fage

Wataƙila wani a nan yana cewa a ransa, wannan ai abin Turawa ne. Malamaina na zaure za su ba shi amsa kafin ni. Muƙamatul Hariri, wanda ake karantawa a zaurukanmu don ƙwarewa a Larabci, wane ne tauraronsa? Abu Zaid mutumin Saruj, ɗan damfara mai zaƙin baki. Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122, ya rubuta muƙama 50, kuma a yawancinsu Abu Zaid yana ɓad da kama ne ya raba mutane da kuɗinsu. Yau mai wa'azi ne, gobe ya kai matarsa ko ɗansa gaban alƙali da rigimar ƙarya don alƙali ya tausaya ya ba su wani abu. A wata muƙamar ma makanta ya ƙirƙira, wata tsohuwa tana yi masa jagora. Shekara kusan 900 ke nan kafin Chains ya zauna a ƙofar wurin bautarsa. Mai ba da labarin, Harisu ɗan Hammam, kullum yana gane shi, yana yi masa faɗa, amma ba ya iya rabuwa da shi. Harisu shi ne mu, masu karatu.

A Dare Dubu da Ɗaya akwai Dalila mai makirci, wadda ta hargitsa Bagadaza da dabaru don Halifa ya san da zamanta ya ba ta abin da mijinta yake samu kafin ya rasu. Akwai Ali Zaibaƙ na Misira, da aka yi masa laƙabi da zaiba saboda ba ya kamuwa. A gida kuma ga Gizo, wanda bai da ƙarfin zaki ko na giwa, amma ya sha cin abincinsu. Ga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da ya rubuta don gasar da aka shirya a Zariya a 1933. Mu faɗi gaskiya: me muka fi tunawa a littafin nan, samo ruwan, ko kuwa ramuwar gayya da ake ta yi tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman daga gari zuwa gari?

Su ma Turawan ba Lynch ne ya fara ba, ba kuma shi ya rufe ba. Faransawa suna da Arsène Lupin tun 1905. A shekarar da littafin Lynch ya fito, Brandon Sanderson ya fitar da Mistborn, inda gungun ɓarayi suka shirya kifar da sarkin da ya shekara dubu a kan mulki. A 2015 Leigh Bardugo ta fitar da Six of Crows, matasa shida da aka ɗauka haya su kutsa kurkukun da ba a taɓa fasawa ba. Kasuwar tana ci har yanzu.

Na biyar: ranar da wayo ya ƙare

In da littafin nasara ce bayan nasara, da na ajiye shi cikin littattafan kashe lokaci, da kuma ban kawo muku shi nan ba. Abin da ya ɗaga shi shi ne tsakiyarsa. Wani da ake kira Grey King ya bayyana yana kashe shugabannin gungu ɗaya bayan ɗaya, tare da wani matsafi da ya ɗauko haya, wanda in ya san sunan mutum na gaskiya sai ya juya shi yadda ya so. Wannan mutum ya san asirin Locke duka. Ya tilasta masa shiga wani shiri, ya yi amfani da shi, ya yar. Mai yaudarar kowa ya zama abin yaudara.

Sai mutuwa ta shigo gidan. Ku tuna, waɗannan ba abokan sana'a kawai ba ne. Marayu ne da suka tashi a kwano ɗaya: tagwaye Calo da Galdo masu barkwanci, ƙaramin yaronsu Bug da ke ɗokin a ce ya isa, da Jean Tannen, ɗan 'yan kasuwa da gobara ta cinye iyayensa, mai ƙiba, mai son karatu da lissafi, wanda kuma in faɗa ya tashi da gatura biyu yake shiga. Marubucin ya sa mun zauna cin abinci da su, mun ji zolayarsu, sannan a dare ɗaya ya kashe tagwayen da yaron. Dukiyar da aka tara ita ma aka kwashe.

Ni a nan ne na gane abin da ya riƙe ni. Mutanen da sana'arsu ƙarya ce, amma a tsakaninsu ba ƙarya. Locke zai yaudari gari duka, ba zai yaudari Jean ba. Tun suna yara, in aka tare Locke da duka, dabararsa ita ce ya riƙe abokin faɗan, ya jure, har Jean ya iso. Wane ne a cikinmu ba ya fatan samun mutum ɗaya da zai dogara da isowarsa haka?

Shi kuma Grey King, da aka bi asalinsa, sai ga shi ɗa ne ga wani da aka hallaka shi da iyalinsa lokacin da ake ƙulla waccan yarjejeniya ta sirri. Zaluncin da aka binne shekara da shekaru ne ya tsiro. Ya shirya gusar da hankalin dukkan masu sarauta da 'ya'yansu har abada a wani biki a saman hasumiya. Wa ya koma ya cece su? Locke, wanda ya gama damfararsu, wanda yake da hanyar gudu. A ƙarshe ma dukiyar da aka sace masa, da dabararsa aka nutsar da jirgin da ke ɗauke da ita, ya mai da ita sadaukarwa ga 'yan'uwansa da suka mutu. Ya bar garin da rauni a jiki, hannu wofi.

Na shida: tambayar da na san tana zuwa

Wani uba zai ce, malam, a ƙasar da lambar 419, wadda sashe ce a kundin dokokin laifuka, ta zama sunan sana'a, a lokacin da ake kiran tsofaffinmu a waya a ce daga banki ne a kwashe musu ɗan abin da suka tara, kai kuma kana yabon littafin 'yan damfara? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba.

Amsata ita ce, ɗan damfara na gaske kishiyar Locke ne ta kowace fuska da na lissafa. Mai rauni yake nema, ba mai ƙarfi ba: bazawara, ɗan fansho, matashi mai neman aiki. Kwaɗayi ne ke tura shi. Abokin aikinsa ma bai tsira daga gare shi ba. Ɓarawon littafi an ƙera shi ne da gangan, an cire masa duk abin da ke sa ɓarawon gaske ya zama abin ƙi, kuma mai karatu ya san da haka, kamar yadda yaron da aka yi wa tatsuniyar Gizo ya san ba a ce ya zama Gizo ba. Har ma ina ganin wanda ya karanta yadda aka kama Salvara, ta hanyar son riba da jin kai da kunyar a ce an cuce shi, zai fi saurin gane tarkon in an ɗana masa.

Amma ba zan ɓoye muku aibin littafin ba. Akwai ashar da yawa a bakin mutanensa. Akwai azabtarwa da zubar da jini da aka siffanta filla-filla, wasu wuraren fiye da bukata. Duniyarsa ta masu bautar alloli da yawa ce, har da wanda ɓarayi suka ɗauka nasu. Ba littafin yara ba ne, ba zan miƙa wa ɗan ƙaramar sakandare ba. Sannan mace ɗaya tilo ta cikin gungun, Sabetha, sunanta kawai ake ji, ba ta fito ba sai a littafi na uku, kuma wannan giɓi ne da ake ji. Hariri ya rufe littafinsa da tubar Abu Zaid. Lynch bai kai nasa ga tuba ba, hasara ya kai shi. Wanne ya fi gamsarwa, na bar wa malamai da ke nan su yi mana hukunci.

Ga marubutanmu matasa kuma, masu fitar da labarai a takarda da waɗanda ke sakinsu a waya, ina da roƙo. Muna da Kurmi da Kantin Kwari, muna da tarihin ayarin fatake daga Kano zuwa Gwanja, da fadoji masu ƙofofi da dogarai da 'yan leƙen asiri. Muna da Gizo da Zurƙe. Kayan gini ba su ƙare mana ba. Abin da irin wannan labari yake bukata shi ne haƙurin zama a tsara dabara har ta tsaya da ƙafarta, yadda mai karatu mai kaifin basira zai bi ta baya ya duba bai sami ɓaraka ba, da kuma ƙarfin halin barin tauraro ya biya farashin abin da ya aikata.